Rasuwar Jajja, Na'urar Haruffan Dalma

Wa ya kashe Jajja? Sati biyar ke nan ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Duk da haka, da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, ni Yokana Matovu, mai maɗaba'a a Titin Nasser, Kampala, ina sanar da abokan sana'a da abokan ciniki rasuwar na'urata ta buga takardu, wadda duk layin ke kira Jajja, wato kaka.

Marigayiya ta girme ni. Na same ta a shagon mutumin da ya koya mini aiki, ya bar mini ita da zai koma ƙauye. Ban gama firamare ba; a gabanta na koyi karatu, ina tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a juye. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Idan tana aiki muryarta ɗaya ce: caf-ƙwas, caf-ƙwas, har mai sayar da gasasshiyar ayaba a tsallaken titi ya san mun buɗe.

Ba ta da sauri, ba zan yi mata ƙarya ba. Babbar na'ura mai bugu da farantin ƙarfe ta maƙwabcina Mukiibi, mai buga littattafan makaranta, kan zubo shafi dubu kafin Jajja ta yi ɗari, sai dai ba a tayar da irin tasa don kati hamsin. Na'urar kwamfuta kuwa ko kwafi ɗaya kake so za ta ba ka, da launi iri-iri, amma tawadarta a saman takarda take kwance. Jajja danna harafi take yi ya nutse, ka rufe ido ka shafa ka ji sunanka.

Ta rasu ta bar akwatunan haruffa goma sha biyu, da wuƙar yankan takarda, da ni. Akwai kuma na'urar kwamfuta ta 'yata Namatovu, wadda ban taɓa lissafa ta cikin dangi ba. Shekara uku tana ƙarƙashin matakalar bene, inda danshi ke naɗe takarda. Shekara ukun nan Namatovu na roƙona wurin bakin ƙofa, inda Jajja take, ina hanawa.

Ga yadda ajali ya zo. Wata uwar amarya ta kawo aikin katin gayyata ɗari biyar, na bikin gabatar da ango, kati mai kauri. Namatovu ta ce mata a na'urarta awa ɗaya ta isa. Na ce a gaban matar, wannan aikin manya ne. Na so 'yata ta ga zurfin harafin da akwatin kwamfutarta ba zai taɓa yi ba, sai na ɗaure ƙusar matsi fiye da ƙa'ida, na kuma ƙara gudu. Na ji muryar Jajja ta sauya, ƙwas ɗin ya yi nauyi. Na ji, ban tsaya ba. A kati na ɗari biyu da wani abu ta ce ƙas, sau ɗaya. Kafaɗarta ta ƙarfe ta tsage gida biyu. Mai walda ya duba, ya ce irin wannan tsohon ƙarfe ba ya riƙe walda a gaɓar da ke ɗaukar nauyi.

Namatovu ta buga katunan gaba ɗaya a na'urarta, aka yi biki.

Na lulluɓe gawar, na bar ta a wurinta. Ranar Litinin Mukiibi ya leƙo.

“Tsoho, a wane gida ka taɓa ganin an ajiye gawa wata guda a falo? Ka binne ta ka naɗa magajiya, kamar yadda ake yi wa kowa.”

“Wace magajiya?”

“Ga ta can ƙarƙashin bene, tana jin sanyi.”

Na ce muddin ina numfashi, wadda ta ƙwace wa Jajja aiki ba za ta gaji wurinta ba.

Ya ce, “To ka zauna da ƙarfenka. 'Yarka ta samu shago a garin Mukono, ƙarshen wata za ta kwashe. Kowa ya sani, kai kaɗai ka rage.”

Na tambaye ta. Ta ce, “Gaskiya ne, Baba. Ba fushi nake ba. Takarda ce ke lalace mini.”

Tun ranar nake juya maganar. Da na'urarta ba ta shigo ba, da ban yi gasa ba. Amma ba ita ta ɗaure ƙusa ba, ba ita ta ji kukan ta yi kunnen ƙashi ba. Idan wanda ya yi kisa ba ya gado, to ni ne ya kamata in tashi daga bakin ƙofar. Ban warware sauran ba.

Jana'iza ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da mota. Ana roƙon maza shida masu ƙarfi daga layi su kama, kuma kada a ja ta a ƙasa. Za a sha shayi a ƙofar Mukiibi. Akwatunan haruffa ba na sayarwa ba ne, kada a tambaya.

Bayan tashin mota za a naɗa magajiya. Yau da safe na sayo mayafin ɓawon itace da ake ɗaura wa magaji a al'adarmu, na shiga ƙarƙashin bene, na ɗora shi a kan na'urar Namatovu. Karon farko ke nan da na taɓa ta.

Namatovu ta leƙo ta gan ni. Ta ce, “Tana da taya, Baba. Tura ta kawai za a yi zuwa bakin ƙofa.”

Na ce, “Ni zan tura.”