Ranar da Na Karanta wa Surukina Takardar Bin Bashi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan ƙanin matata a Mirriya ba. Ko na so in manta ma ba hali, don dangin matata sun ɗauki nauyin tuna mini duk Sallah.

Ina da ɗan biro, wato ofis, a Zinder, ɗaki biyu da fanka ɗaya, inda muke yi wa masu ƙananan sana'o'i lissafin albashin ma'aikatansu. Mai lekol, wato makaranta, mai farmasi, mai gidan burodi, duk wanda ke da ma'aikata biyar ko goma kuma ba ya son ciwon kai sai ya kawo mana. Mu fitar wa kowane ma'aikaci takardar albashinsa, mu cire lanho, wato haraji, da sauran abin da doka ta ce a cire, ƙarshen wata mu haɗa da faktir, wato takardar kuɗin aikinmu. Aiki kam yana shigowa. Kuɗin ne ba ya biyo shi.

Wanda ya san garin nan ya san dalili. Ka je bin kuɗinka, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo ruwa, a tambayi lafiyar mahaifiyarka, a tuna maka cewa kakanka da nasu tare suka yi fatauci, ka fito kana godiya. Ni kuma Allah ya yi ni da sanyin fuska. Akwai ranar da na je karɓar kuɗin wata huɗu wurin wani mai lekol, na dawo na ba da gudummawar auren 'yarsa. (Har yau ban san yadda hirar ta juya ba.) A ƙarshe sai ga ni, mai lissafa albashin rabin unguwa, na kasa biyan Madam Hadiza, sakatariyata ɗaya tilo, nata albashin wata biyu.

Ita ce ta ba ni labarin Mushe Isufu (a wajenmu Mushe ake ce wa ɗan boko, kamar a ce Malam). Tsohon malamin lekol ne da ya yi ritaya ya buɗe kabine, wato ɗan ofis, na karɓo wa mutane bashi, yana ɗaukar kashi goma cikin ɗari na abin da ya karɓo. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Zai sa kaftaninsa mai guga, ya riƙo takarda, ya je ya zauna a bencin ƙofar wanda ake bi daidai lokacin da jama'a suka fi yawa. Duk wanda ya gaishe shi ya ce "Mushe, lafiya?" sai ya faɗa masa abin da ya kawo shi, da adadin, cikin ladabi. Da wuya mutum ya jure masa kwana biyu.

Da ya zo biro, na ɗaure fuska kamar ba ni ba. Na ce wa Madam Hadiza ta fitar daga ordinata, wato kwamfuta, duk wanda ya wuce wata uku bai biya ba, ta buga wa kowa takardar gargaɗi.

Ta ce, "Mushe, ba za ka duba sunayen ba? Akwai wanda..."

Na ɗaga mata hannu. "Kada ki faɗa mini. In na ga suna zuciyata za ta karaya. Ba sani ba sabo."

Takarda goma sha bakwai na sa wa hannu, na buga kashe, wato hatimin biro, ina kallon silin don kada idona ya faɗa kan suna. Mushe Isufu ya yaba mini, ya kira ni patoro, wato maigida, ya ce da kowa haka yake da ƙasar nan ta ci gaba. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, har na maimaita wa abokaina a majalisa.

To, a nan sai in gabatar muku da Baba, mahaifin matata Balki. Yana da injin matsar man gyaɗa a Mirriya da ma'aikata tara, kuma shekara biyar da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. In na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. Ƙaninsa Baffa Sale yake kallo ya ce "a tambayi yaron nan ya aiki," alhali ina gabansa. Lokacin da zan buɗe biro, shi ya aiko Baffa da kuɗin ordinata da injin buga takarda, ya ce rance ne, in biya in Allah ya hore. Daga ranar shi bai tayar da maganar ba, ni ma na ga rashin kunya ne in tayar.

Da biro ya kafu sai ya kawo mini lissafin ma'aikatansa, ya aiko cewa aiki aiki ne, a riƙa haɗa masa faktir kamar kowa, jika goma sha biyar a wata, wato sefa dubu goma sha biyar. Aka yi ta haɗawa. Wata takwas ban ga ko dala ba. Ban tambaya ba, wa zai tambaya? Amma a zuci na ɗan yi gunaguni, na ce tsohon nan bulus yake ci. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: sa'ad da nake kallon silin ina sa hannu, akwai wani lungu a zuciyata da ya tuna da Baba. Na ce wa lungun ya yi shiru, ai Madam Hadiza tana da hankali, za ta cire shi. Ita kuma ta ce tunda na ɗaga mata hannu, to na san abin da nake yi.

Sati biyu komai ya tafi daidai. Kuɗi suka fara shigowa, na biya Madam Hadiza, har na sai sabon kaftani mai ruwan sararin sama don sunan. Ranar muka yi sammako, ni da Balki, muka hau motar Mirriya.

An raɗa suna, an raba goro da dabino, maza sun cika ƙofar gida bisa tabarmi, har da liman da dattawan unguwa. Na lallaɓa na durƙusa gaban Baba ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ina cikin "Allah ya raya" na ji wata murya a bayana da na sani.

"Salamu alaikum. A'a, patoro! Kai ma ka biyo sahu ne? Ai da ka bar mini, aikina ne."

Na waiga. Kaftani mai guga, takarda a hannu. Ashe ya je injin ya tarar a rufe, aka ce masa Alhaji yana gida ana suna, shi kuwa ba abin da yake so irin taro. Bai san ko ni wane ne a gidan ba. Na yi ta ƙifta masa ido har idon ya fara ruwa, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce, ya ƙifta mini shi ma.

Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa jariri addu'a, ya karɓi goro, sannan ya miƙa wa Baba takardar da hannu biyu. Baba ya juya ta, ya ga Faransanci ne. Ya kalli Baffa Sale.

"A ba wa yaron nan ya karanta mana, tunda shi ne ɗan lekol."

Jama'a, na karɓi takardar. Ga kashena shuɗi a ƙasa, ga sa hannuna mai dogon wutsiya da na daɗe ina alfahari da shi. Matsala ta farko tana layin farko, don sunan Baba ne cikakke a rubuce, ni kuwa bakina bai taɓa furta shi ba.

Na ce, "Zuwa ga... mai gidan nan."

Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Na share murya, na yanke shawarar in fassara yadda zan tsira.

"Takardar tana gaishe ku, Baba. Tana tambayar lafiyar iyali. Tana kuma cewa in an samu sarari, ba gaggawa..."

"A'a, patoro." Mushe Isufu ya matso, ya ɗora yatsa kan layi, irin yadda ya shekara talatin yana yi wa 'yan aji. "Ba haka aka rubuta ba. Ka tsallake nan. Sake daga farko, a hankali."

Haka na durƙusa gaban surukina, gaban liman, gaban mutum wajen arba'in, na fassara da bakina cewa ana bin sa jika ɗari da ashirin, cewa an gaji da jira, cewa in kwana takwas suka wuce bai biya ba za a miƙa shi ga wisiye, mai zuwa da izinin gidan shari'a ya kwashe kayan mutum. Duk inda na sassauta, Mushe ya gyara. Gumi ya mayar da sabon kaftanina kala biyu.

Liman ya ce, "Subhanallahi. Wane marar mutunci ne ya rubuto wa Alhaji wannan?"

Mushe Isufu ya nuna ni da buɗaɗɗen hannu, cikin girmamawa. "Ga shi nan. Mutum ne mai tsari, wallahi. Ko sunayen bai duba ba, don kada ya yi son kai."

Wurin ya yi tsit, har ina jin ragon suna yana tauna a gindin bishiyar bedi. Tsorona ɗaya ne: kada Baba ya ce in tashi in bar masa ƙofar gida, shekara biyar na durƙuso su tafi a banza. Amma ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Baffa, "A kira mini 'yar nan."

Balki ta fito daga cikin mata da lalle a hannu, ta durƙusa nesa kaɗan. Baffa ya tambaye ta ina ambulan da Yaya, wato Baba, yake ba ta duk ƙarshen wata ta kai wa mai gidanta. (Ashe Baba gani yake bai dace ya miƙa wa suruki kuɗi hannu da hannu ba, kamar wani ɗan ƙwadago. Shi ya sa yake biyo da su ta wurin 'yarsa.)

Ta ce, "Ai ina faɗa masa, Baffa. Duk wata nakan ce Baba ya aiko da saƙo. Sai ya ce Allah ya saka da alheri, in ajiye a wajena in yi amfani da shi."

Gaskiya ta faɗa. Na tuna sarai. Ni na ɗauka ƙuli-ƙuli ne, ko kwalbar mai, kuma kullum idona na kan waya nake amsa mata.

"Da shi nake cika kuɗin cefane," in ji ta, "tunda ya rage abin da yake bayarwa."

Wannan ƙarin bayanin ba wanda ya tambaye ta. Wata takwas kenan ina cin shinkafa da nama da kuɗin, ina zuwa majalisa ina yabon matata cewa jika biyu a hannunta sai ta yi aikin biyar. Wani dattijo ya fara dariya ya kasa tsayawa, sai tari, sai da aka ba shi ruwa. Daga nan kowa ya saki tasa.

Mushe Isufu ya fahimci ko ni wane ne, amma ko a jikinsa. Ya sunkuyo ya raɗa mini cewa tunda an gano inda kuɗin suke, bashi ya fita, kasonsa jika goma sha biyu yana nan. Da zai tafi na ga Baba ya sa Baffa ya karɓi lambar wayarsa. Lokacin ba ni da sauran ƙwaƙwalwar da zan yi tunani a kai.

Ban tsaya cin naman suna ba. A mota, da muka shigo gari, Balki ta kira ni da sunan 'yarmu ta ce, "Baban Nana, a tsaya kasuwa, shinkafa ta ƙare." Washegari na tura kawuna da ƙwaryar goro ya ba da haƙuri. Ya dawo ya ce Baba ya ce ba komai. Wannan "ba komai" ta fi zagi tayar mini da hankali. Sati uku ban taka Mirriya ba, kullum ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya biyo kuwa. Wata safiyar Litinin, ƙarshen wata, lokacin da masu karɓar takardun albashi suka cika ƙofar biro, na iso na tarar da kaftani mai guga zaune a bencina yana gaisawa da jama'a.

Na ce, "Mushe, lafiya?" (Kuskure. Ni da na san tsarinsa.)

Ya miƙe, ya ba ni takarda da hannu biyu. "Lafiya lau, patoro. Alhaji na Mirriya ne ya ga aikina ya yaba, ya ba ni nasa. Sunanka ne na farko. Kuɗin ordinata da injin buga takarda, shekara huɗu. In karanta maka ko za ka karanta?"

Madam Hadiza ta shige ɗayan ɗakin ta rufe ƙofa, amma bangon biron ba shi da kauri.

Na biya, kashi uku, kowanne da resi, wato takardar shaidar biya. Ranar da na cika na ƙarshe Baffa Sale ya kira ni ya ce Yaya ya ce in zo. Na je, na cire takalmi, na durƙusa. Baba ya kalli Baffa, gefen bakinsa yana motsi.

"A faɗa wa yaron nan yanzu ba mai bin wani. A kawo masa fura."

Aka kawo. Na juya baya na sha, kuma ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, don sai a ranar na tabbata ba a kore ni daga gidan ba.

Yanzu ko takardar kuɗin ruwa aka kawo mini sai na karanta ta daga sama har ƙasa kafin in sa hannu. In kuwa Balki ta ce "Baba ya aiko da saƙo," ajiye wayar nake yi in ce ta kawo in gani. Sau uku kenan ina yin haka, kuma duk ukun ƙuli-ƙuli ne.