Kamun Kaka da Kamuna

Tsoron ya kama ni ne a lokacin da mai sa taga ya buga guduma, bangon ɗakin Kaka ya ce ƙas, kamar an karya busasshen icce. Tsaga ta tashi daga saman ramin tagar ta nufi rufi. Har yanzu in aka rufe ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Ni na yi mata alkawarin tagogin gilashi in na gama jami'a, domin gara ta cinye na katakon da marigayi kakanmu ya kafa. Ta hana mai aikin shiga ɗakinta ya yi awo, sai ta faɗa mini awon ta waya. Da aka kawo tagogin uku, ta farko ta fi raminta girma, na ce a ɗan faɗaɗa bangon. Yanzu Baba ya ce in injiniya ya duba ya ce ɗakin ba zai zaunu ba, Kaka za ta koma gidansa, abin da ta daɗe tana ƙi.

Da safe na same ta a tsakar gida, ta tasa ɗakin a gaba.

"Ina kwana, Kaka?"

"A ina na kwana dai za ka tambaya, angona. A falo, kan doguwar kujera, kamar baƙuwar da ta ƙi tafiya. Mazan kirki gini suke wa matansu, nawa mijin rusau ya je ya karanto."

"Ni fa abin da kika faɗa na bi. Kin ce kamu uku a tsaye, biyu a kwance."

"Haka na ce."

"Na sa tef na auna kamu, na kai wa mai aikin."

"Kamun wa ka auna?"

Ta jawo hannuna ta jera da nata, gwiwar hannu da gwiwar hannu. Yatsunta ko wuyan hannuna ba su kai ba.

"Da wannan zanƙalelen hannun? Wanda kake zaune a nan kana cin abinci a kwanon mutumin da ke can?"

"Kamu ai kamu ne. Laifina ne da kika motse? An ce da kina da tsayi, yawan wanka ne ya rage ki."

"Ni da aka yi layi a kaina. Kai kuwa da digirinka ko kazar maƙwabta ba ta kalle ka ba."

"To, tsaya, kaina ya ɗaure. In hannuna ne ya yi tsawo, me ya sa taga ta biyu ta yi wa raminta kaɗan?"

"Wannan ba ni na auna ba. Ranar kafaɗata na ciwo, doguwar nan mai ɗinki ta auna mini."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ka tambaya? Katinka zai ƙare, katinka zai ƙare, shi ke nan gaisuwarka."

"Ta ukun fa? Ita kaɗai ta shiga daidai."

"Wannan ido na sa mata, na faɗi abin da ya zo bakina."

Na zauna a ƙasa. Na rasa ta inda zan fara yi wa Baba bayani.

"Kaka, in aka ce a rushe fa?"

Ta dubi tsohuwar tagar katakon da aka jingine a jikin bango, ta shafa sakatarta.

"Kakanka ma da kamu ya auna wannan. Sai dai shi, hannun da ya auna shi ya sassaƙa katakon." Ta gyara zama. "A ɗakin nan na haifi ubanka. Da wannan ƙaton kan nasa ya fito, bango bai faɗi ba. Ba na zuwa gidan ɗan da zai riƙa ƙirga mini cokalin sukari."

"In kin je ai sai ki huta da ni."

"Abin da nake gudu ke nan. Wa zan zaga?"

Ta warware ɗankwalinta, ta yagi gefensa, ta auna daga gwiwar hannunta zuwa kan yatsa, ta datse da haƙoran da suka rage mata.

"Ungo kamuna. Ranar da za ka sayo mini likkafani, da wannan za ka auna. In ka sa hannunka, sai an faɗaɗa kabarin shi ma."

"Sai in kira mai ɗinki, ƙafafunki su leƙo waje."

Ta yi dariya har da tari. "Ka ci wannan, ɗan banza. Je ka kawo mini shayi."

Ƙyallen yana aljihuna. Na ja layi da fensir a inda tsagar ta tsaya, da yamma na ga kamar ta ɗan wuce shi, ko kuma idona ne, ban faɗa mata ba. Injiniyan ya ce zai zo ya duba. Har yanzu bai zo ba, kuma ba mu san ko Kaka za ta koma ɗakinta ba.