Wutar da Ta Bi Ta Kan Ɗakin Malam Labaran

"…da gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, angona. Ya ƙarfin jiki?"

Malam Labaran ya bi kwanon da ke hannun jikarsa Mas'uda da kallo, ya tambaye ta wa ya aiko ta daga Wudil ranar Laraba, ita da ba ta leƙo Kausani sai Juma'a.

Jiya ana fitowa daga sallar magariba wata wuta mai wutsiya ta keto sama, ta haske gonakin dawa kamar rana, ta tarwatse wajen Dagumawa. Su kuwa tsofaffi sun taso da cewa in tauraro ya yanke haka, wani babba ne zai tafi. Tun lokacin tsohon ya shige ɗaki, ya ƙi tuwo, ya ƙi koko, har maganin hawan jininsa ya ture. Shi ya sa aka kira Mas'uda a waya, amma ba za ta faɗa masa ba.

Ta ce kewarsa ce ta kawo ta. Ya ce ƙarya ne, matar da ta guje shi ta tafi jami'a ina ta san kewa? Labari dai ta ji, ta zo leƙen rediyonsa da tunkiyarsa. Yana ma lura, tun shigowarta idonta na kan bargonsa. Ta ce bargon da ya girmi babanta, ko kaza ba za ta kwanta a kai ba.

"To me ya sa yau kowa ke gaishe ni a hankali? Saitin ɗakin nan wutar ta wuce, da idona na gani."

Mas'uda ta san in ta ce dutse ne ya ƙone a iska, tsaki kawai zai yi. Sai ta zauna a tabarma, ta buɗe kwanon, ƙamshin soyayyen kifin bakin gada ya cika ɗakin. Ta soma ci.

"Yanzu kai, tsoho, har ka sa a ranka don kai aka kunna wannan wuta? Indabo sun gani, Wudil sun gani, duk don mai tunkiya ɗaya, ita ma gurguwa? Ranar taka in an samu ƙyallin ashana ka gode."

Ya tashi zaune. Ya ce shi fa a zamaninsa da buhun gero a ka yake haye kogi ana tsakiyar damina, kadoji na ba shi hanya. Ta ce to ta yarda, babba ne, tauraron nasa ne. Mai shirin tafiya kuwa ba ruwansa da kifi. Ta kai hannu ga kan kifin.

"Ajiye kan kifin nan, mara kunya. Wa ya ce miki tafiya zan yi?"

Ya janye kwanon gabansa, dariya na ƙwace masa. Sai da ya tsotse ƙayar tas ya ce ta miƙo masa maganin da ruwa.

"Bargon kuma ɗauki, amarya. Da raina na ba ki, kar ki je kina cewa gado ne."