Hoto Ashirin da Uku na Injiniya

"Auta, mijinki fa ba ƙaramin mutum ba ne. Kwamfuta idan ta ji takuna, gyara zama take yi."

Haka maigidana ya ce min ranar da ya gama haɗa wa Babana manhajar ɗaukar hoto. Ni kuwa, 'yar uwa, da karatuna bai yi nisa ba, na yi ta gyaɗa kai har ɗankwalina ya zame. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Baba mai hoto ne, kullum cewa yake surukin nan nasa baki ne zalla. To, ga ranar wanke suna ta zo. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, har waya na yi wa Yayata na ce ta zo shago ta ga ilimi.

Tsarin ba wuya. Ka danna "Ɗauka", allo ya ƙirga daga goma zuwa ɗaya kana gyara hula, kyamara ta haska, firinta ta fito da hoto. Wanda ya fasa ya danna "Tsaya".

A gida ya ce in gwada. Na danna. Ba goma, ba tara, allo ya sandare.

"Yallaɓai, kamar ta suma."

"Barci na sa ta, na daƙiƙa goma. Da layi ɗaya tak! Wani sai ya rubuta shafi guda."

Na ce a hankali, "To idan tana barci, wa zai ji mai danna Tsaya? Ni idan ina jiran tukunya ba kwanciya nake ba. Ina leƙa agogo, kunnena yana ƙofa."

"Ke da tukunya! Kimiyya ake magana, Auta."

Na janye maganata. Har haƙuri na ba shi.

Washegari da hantsi muka isa shago. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe ya hau jawabi kamar mai buɗe masana'anta. Sannan ya ɗare kujera gaban shuɗin labule, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Danna, Auta."

Na danna. Shiru. Yaya ta kalle ni ta gefen ido. Na sake dannawa, na kuma. Gaskiya sau shida na danna, ina addu'a a zuci.

"Injiniya, ko ba ta karya ba ne?" in ji Yaya.

Ya diro daga kujera, ya fizge linzamin kwamfutar ya hau duka, ƙat-ƙat-ƙat, kamar mai kashe kiyashi. Allo ya yi fari fat. Sai fau! Kyamara ta haska kujerar da ba kowa. Firinta ta yi gyaran murya ta fito da hoton.

"Kun gani ko?" ya ce, yana share goshi.

Bayan daƙiƙa goma, fau! Wani hoton.

Ashe baiwar Allah duk abin da aka danna tana barci, ajiye shi take a layi kamar marasa lafiya a asibiti. Ta farka ta ɗauki ɗaya, ta koma barci, ta farka ta ɗauki na gaba. Ya danna Tsaya da ƙarfinsa, amma Tsaya ma sai ta bi layi, can ƙarshe.

Ya je ya leƙa idon kyamara. Fau! Hanci ya cika takarda. Ya daka mata tsawa. Fau! Baki buɗe har ana hango dasashi. Ya duƙa bayan labule yana laluben soket. Fau! Wannan kam ba fuska ba ce, ba zan faɗa ba. Labulen ya tsinke ya rufto masa. Na ruga in ceto mijina, fau! Ga ni ido waje, ɗankwali a wuya, ina jan ƙafarsa.

"Baba, a cire wuta!" ya yi ihu daga cikin labule.

"A'a, ɗana, bar ta," in ji Baba, yana jera hotunan a tebur ɗaya bayan ɗaya. "Shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa samun mai tsayuwar hoto irinka ba."

Yaya kuwa tana ƙasa, riƙe da ciki.

Sai da ta fitar da ashirin da uku cif, takarda ta ƙare, sannan layi ya zo kan Tsaya. Wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutun da maigidana ya tsara da hannunsa: "An tsaya nan take."

Baba ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, sau biyu.

Muka kama hanyar gida, ni da maigidana. Sai da muka kai ƙofa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Auta, wannan maganar tukunyar, ya kika ce ma?"

Yanzu manhajar tana ƙirge lafiya, kunnenta yana ƙofa. Hotunan kuwa suna nan jere a gilashin shago. Baba ya ce namu na labule ya fi jawo mutane, har ya sa masa firam.