Takardar Karan Dawa

Ƙanin matata, Isiya, shi ya laƙaba mini Zabo a Gummi, kuma ban yafe ba.

Na yi leburanci a kamfanin takarda, na ga yadda ake dafa garin itace da soda, a zuba bilic ya yi fari. Ranar Juma'a na tara jama'a, na sha shuɗiyar babbar rigata, na ce za su ga takarda daga karan dawa. Na ɗora karan a tukunya, ina tuƙawa, bilic yana fallatsa. Karan ya tsaya kamar kunun kanwa, riga kuwa ta fito ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Har liman ya juya baya yana tarin ƙarya.

Jiya Isiya ya sake kirana Zabo a kasuwa. Na ce, "Yaro, magani ya yi aiki, wuri ya kuskure. Kai mi ka taɓa maishewa hwari? Ko haƙoranka sun gagare ka."