Fararen Kajin da Suka Ƙi Kwanci

Ko an ce in manta, ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na raba Inna da sana'arta. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa yana zancen ci gaba, ni ma na ga bai kamata a bar ni a baya ba.

Inna mahaifiyata ce, kuma tun rasuwar Baba da kaji take riƙe da gidanmu. Ba sayar da su take yi ba. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, don haka da ruwa ya sauka matan Nasarawan Doya da na rugage sukan kawo mata ƙwan zabi, ta sa wa kajinta su ƙyanƙyashe, a raba 'ya'yan biyu. Kajin munana ne ƙwarai, amma in suka hau ƙwai ko ganga ka buga ba sa tashi.

Ni kuwa na taɓa yin cirani a wata gona a Zariya, na ga inji yana ƙyanƙyasar 'yan tsaki, na ga fararen kaji suna zuba ƙwai kullum. Na dami Inna da surutun a canja kaji har ta gaji, ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Bayan girbi na kwashe kajinta kaf na kai kasuwar Makarfi, na wuce Zariya.

Malamin gonar ya ce, "Na ƙwai kake so ko na nama?" Na ce na ƙwai mana. Ya fara wani bayani, na katse shi, don kada ya ɗauke ni baƙauye (kamar ba a goshina abin yake rubuce ba).

Na sayo 'yan tsaki na dawo gida, duk rani ina renonsu da fitila da dusa. Wasu suka mutu, sauran suka girma suka fara ƙwai, ni kuma na fara tafiya da ƙyar don taƙama. Ruwa ya sauka, mata suka kawo ƙwan zabi, Inna ta jera a akurki. Kajina suka leƙa, suka juya. Muka kife ɗaya da kwando a kai, ta tsaya ƙiƙam ta tattake uku. Ashe irin nan sam ba sa kwanci, inji ne uwarsu. Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙwan mutane yana lalacewa, Inna ta daina cin abinci sosai.

Wata rana da la'asar na kama mafi girmansu, na kwanta rub da ciki, na cusa kai da hannu cikin akurki, na danne ta a kan ƙwan ina lallashinta. A haka Goggo Dije, wata dattijuwar Bafulatana da ta fi kowa kawo ƙwai, ta yi sallama tare da mata biyu. Ƙafafuna kawai suka tarar a waje. Na zabura, kazar ta fizge, ruɓaɓɓen ƙwai ya fashe mini a fuska. Na fito ina ɗigar wari.

Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Goggo Dije ta dubi Inna ta ce, "Inna Ladi, ina kajinki?"

Inna ta durƙusa, da furfurarta, ta ce, "Ku yafe mini, laifina ne." Ko kallona ba ta yi ba.

Suka tafi ba ƙwai ba 'yan zabi. Da damina ta zagayo na samo mata kajin gida biyu, amma ba wadda ta sake kawo ko ƙwai ɗaya, sun koma wurin wata a Kudan. Inna ta koma dakau a gidajen mutane, har hannunta ya yi kanta, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba har ta rasu. Wannan shirun nata yana cina har yau.

Ni dai abin da na koya shi ne, gwaji da kayan wani daɗi gare shi, tunda in ya ɓaci ba kai za ka ɗauki taɓarya ba.