Ranar da Jitar Danladi Ta Zubar da Ƙarafanta

Ba zan taɓa mantawa da wani biki da aka yi a Unguwar Sarki ba, cikin shekarun saba'in, domin a ranar na kusa zubar da sunan da na daɗe ina ginawa. Kayan kafintoci nake sayarwa. A lokacin, daga Badarawa har Rigachikun, in dai maganar zarto ce, rumfata ake nuna wa mutum.

Ina da wata al'ada da ta jawo mini ciniki. Zarto ba ya barin hannuna sai na wasa shi da magagari, na kuma buɗe haƙoransa, wannan ya karkata dama, wancan hagu, don ya ci katako ba tare da ya maƙale ba. Masu yankan katako suna sa mini albarka a kan haka.

Wata rana Malam Iro kafinta ya zo da wani makaɗi, Danladi. Allon wuyan jitarsa ne ya tsage, ga shi an ɗauke shi wasan biki. Iro zai yi sabon allo, ya mayar da ƙananan ƙarafan nan da ake jerawa a kai, inda yatsu ke danna tsirkiya. Kowane ƙarfe a cikin 'yar tsaga yake zama, kuma dole tsagar ta matse shi tam.

"Alhaji, siriri nake so, kamar reza," in ji Iro.

"Malam Iro, kai ka ji da katako, ka bar mini zarto."

Na zaɓo mafi siranta a rumfar, kuma wallahi zaɓin ya yi daidai. Da na miƙa masa a haka, da an rabu lafiya. Sai na ce ya dawo gobe. Na zauna na buɗe haƙoran nan sosai, kamar wanda za a yanka ginshiƙin ɗaki da shi.

Washegari Iro ya karɓi zarton ya tafi. Bai daɗe ba ya dawo yana sosa ƙeya. "Alhaji, ƙarafan nan rawa suke yi a cikin tsagar."

"Sa musu gam mana! Haka ake yi a Legas." (Ban taɓa ko riƙe jita ba, amma da ka ji muryata ka ce a can na yi koyo.)

Ranar bikin na ci babbar riga, na kuma raɗa wa maroƙi magana. Danladi na tashi sai maroƙin ya kwarma: "Ga Alhaji mai zarto, wanda da ƙarfensa aka gyara jitar nan!" Na miƙe ina ɗaga wa jama'a hannu.

Waƙar farko ta wuce lafiya. Rana kuwa tana dukan gam ɗin. A tsakiyar ta biyu sai jita ta fara kuka kamar akuya, sannan wani abu ya faɗi ƙil a kan siminti. Wani ya biyo baya. Na uku ya yi tsalle ya faɗa cikin kunun gwaggon ango. Ta tsamo shi ta ɗaga sama.

"Jama'a, wannan kuma ƙashin me ne?"

Danladi ya kai bakinsa ga lasifika, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji mai zarto, tunda kana kusa, a taimaka a tsince mana."

Haka na durƙusa da babbar rigata ina laluben ƙarafa a ƙarƙashin kujeru, matan ma'aikata suna nuna mini da ƙafa: "Ga wani can, Alhaji!"

Ni na sayi sabon katako, na kuma ba Iro wani zarton da ban taɓa haƙoransa ba. A karo na biyu ƙarafan sai da guduma suka shiga. Cinikina bai mutu ba, sai dai na yi shekaru kafintoci na kirana Alhaji Tsince. Ribar da na fita da ita ɗaya ce: kafin in nuna gwaninta a kan ƙarfe, nakan fara tambayar abin da za a yanka da shi.